Tsaran Sarauta: Tarihin Sarkin Noman da Bai Taɓa Cin Irinsa Ba

A al'adar ƙasar Hausa, idan aka tashi ba da tarihin sarauta da sunayen sarakuna ake farawa: wane ya gaji wane, ya yi shekara kaza bisa gado, a zamaninsa aka yi kaza. Shafunan da suka gabata a cikin wannan littafi sun sauke wannan nauyi. Sai dai masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A tsawon shekara ɗari da sarautar garin nan ta yi, manoma ne suka ciyar da ita. Su suka biya lanho, su suka kai dammunan fada, kuma daga rumbunansu aka shayar da kowane baƙon da ya sauka ƙofar sarki. Saboda haka ya dace a keɓe ƴan shafuna domin tunawa da ɗaya daga cikinsu, wato marigayi Sarkin Noma, wanda Allah ya yi wa rasuwa watanni kaɗan kafin wannan buki.

An fi shekara hamsin ba a ji wani ya kama sunansa na yanka ba. Yara da manya Baba suke ce masa, a fada kuwa da sarautarsa ake kiransa. A nan ma za a bi wannan ladabi.

Haihuwa da tasowa

Ba shi da takardar haihuwa, kamar yawancin mutanen zamaninsa. Abin da aka riƙe daga bakin mahaifiyarsa shi ne, an haife shi a damanar da ta biyo bayan naɗin sarki na farko, shi ya sa dattawa suke ce masa tsaran sarauta. Lokaci ne da mulkin Faransa yake ƙara kafuwa. A shekara ta 1922 aka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka, a shekara ta 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, sannan a 1927 Maraɗi ta zama mazaunin kumandan mai iko da yankin.

Ya tashi a cikin babban gandu, inda mai gida da ƙannensa da ƴaƴansu suke noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Wasu kwanaki na mako na gandu ne, sauran kuma kowane saurayi da kowace matar aure sai su nufi gamanarsu, wadda amfaninta nasu ne na kansu. Ran shuka maza suna gaba da sungumi suna sara, mata da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. A nan ya fara aiki tun bai kai tsawon ƙotar hauya ba.

Mahaifinsa yana daga cikin waɗanda suka tsira daga Kakalaba, yunwar da aka yi a 1913 zuwa 1914, wadda ta tashi garuruwa da dama a ƙasar Hausa. Abin da ya gani a wannan shekara ya sa ya kafa doka a gidansa. Da kaka, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, mai gida da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar da ta fi tsawo da cika, a ɗaure ta daban. Wannan ita ce iri, kuma ko mutuwa ake yi ba a kai ta turmi. Yaron ya ga amfanin dokar da wuri, domin yana ɗan shekara biyar ko shida fara ta sauko wa ƙasa, aka shiga yunwar 1931, wadda ta fi tsanani a yammacin Nijar. Har ya tsufa yana ba da labarin yadda aka tura su gona da gwangwani da kara suna kaɗawa, farar ba ta ko kula su ba.

Bayan wannan yunwa Turawa suka tilasta wa kowane gari ajiye hatsi a rumbunan tsimi, waɗanda ba a buɗewa sai da izinin hukuma. Talakawa sun ƙi jinin tsarin, saboda mutum yana iya kwana da yunwa alhali hatsinsa yana kulle. Marigayi yakan ce dabarar ba ta da laifi, laifin na wanda ya riƙe mabuɗin ne. Da ya zama mai gida sai ya gina rumbun tsimi nasa na kansa a bayan ɗakinsa.

Aikin tilas da ambaliyar Maraɗi

Samartakarsa ta faɗo cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da buƙatun Nasara suka yi wa talakawa yawa. Ana karɓar hatsi da dabbobi, ana kama samari aikin hanya da ɗaukar kaya ba lada. Sarakuna na tsakiya: kumandan yana neman adadi, talakawa suna kuka. Gidaje da yawa sun kwashe cikin dare sun ƙetara ƙasar Ingilishi, wajen Jibiya da Katsina, inda dama akwai dangi. Shi ma an kama shi aikin hanya, ya yi watanni yana fasa tsakuwa. Mahaifinsa ya ƙi yin ƙaura, domin gonar da aka bari babu mai ita wani ake ba.

A shekara ta 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya yi ambaliya, ya rushe tsohon birnin da ke cikin kwari, birnin da zuriyar sarakunan Katsina suka zauna tun farkon ƙarni na 19 bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina. Hukuma ta mai da gari bisa tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, aka fara sabon gini. Marigayi yana cikin samarin karkara da suka yi ta kai itace da kara a bisa jakuna ana sayarwa ga masu gini. Da kuɗin da ya tara a wannan rani aka kai sadakin uwargidansa. Shekarar da ta biyo, wato 1946, majalisar Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mallaka, da dokar da aka sani da sunan Hufuwet Bwanyi. Yakan ce a cikin dukan sauye-sauyen da ya gani, har da samun mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, babu wanda ya ji a jikinsa kamar wannan.

Zamanin gujiya da dami dubu

Lanho da kuɗin Faransa ake biyansa, kuɗin kuwa a wurin gujiya suke. Da kaka kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA sukan buɗe ma'auni, dillalai su bazu ƙauyuka suna saye, motoci su kwasa zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai bakin teku. A wannan ciniki ne manyan alhazan Maraɗi da yawa suka fara kafa jari. Bayan mulkin kai, a 1962, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA domin ya riƙe cinikin gujiyar ƙasa.

Shekarun 1950 shekaru ne na ruwa, kuma daji yana nan. Wanda yake da hannuwa sai ya je wurin sarki a nuna masa fili ya sassabe. Marigayi, wanda ya gaji gandu bayan rasuwar mahaifinsa, ya buɗe sababbin gonaki a jigawa, ya riƙe ta fadama domin dawa. Maƙwabta da yawa sun mai da mafi kyawun gonakinsu na gujiya, suka sayi keke da rediyo, suka ƙara aure. Shi bai taɓa bari gujiya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na gonakinsa ba, yana cewa takardar kuɗi ba ta damuwa a ƙwarya. An yi masa dariya, an ce tsohon yayi ne tun yana saurayi.

A cikin waɗannan shekaru ne gandunsa ya ɗaure dami dubu a kaka ɗaya. Bisa al'adar Katsina da Gobir, manomin da ya kai wannan matsayi yakan yi bukin dubu, ya tara jama'a, ya raba hatsi ga malamai da maƙera da makaɗa da marasa ƙarfi, domin arzikin noma ba a cinsa a ɓoye. Ya yi bukin, sarki na lokacin ya naɗa masa rawanin Sarkin Noma. Tun daga ranar ya zama shi ke kiran gayyar gonar fada, shi ake tambaya ko ruwan da ya sauka ya isa shuka, kuma shi ke sasanta manoma kafin magana ta kai gaban sarki.

Shekarun fari

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja da baya, har abin ya kai maƙura a 1973. A damanar wannan shekara an yi shuka ta bushe, aka sake ta bushe. Makiyaya suka gangaro daga arewa, wajen Dakwaro, dabbobinsu suna faɗuwa a hanya. Mata suka koma ga tafasa da anza da dussa. Rumbun tsiminsa ya riƙe gidan har tsakiyar rani, sannan ya sayar da shanun huɗarsa. Da yunwa ta yi tsanani, ya sussuke irin da ya rage, ya gauraya da toka, ya zuba a tuluna, ya binne a ƙarƙashin gadonsa. Iyalinsa sun shaida cewa akwai daren da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ƙannensa suka same shi a kan a tono ko tulu ɗaya, ya ƙi. Sun yi kwanaki ba sa gaishe shi.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji a ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da taimakon cimaka yana cikin dalilan da suka bayar. Da damana ta sauka a wannan shekara ruwa ya samu, amma gidaje da yawa sun riga sun cinye irinsu. Dawar taimako da aka kawo daga ƙasashen waje ta ci ce, ba ta shuka ba. A nan Sarkin Noma ya tono tulunansa, ya auna wa unguwa da tiya, a kan kowa ya mayar da kaka. Har yanzu akwai gidajen da suke cewa hatsin da suke shukawa jikan na tulun Baba ne.

A 1975 ƙwarin darɓa da cutar da suke yaɗawa suka halaka gujiyar ƙasa, kuma daga nan cinikinta bai sake komawa yadda yake ba. Manoma suka karkata ga wake da aya. Waɗanda suka dogara ga gujiya kaɗai sun sha wuya ƙwarai, duk da yake soke lanho da aka yi a zamanin Kunce ya rage musu nauyi.

Shekara ta 1984 ta zo da fari wanda ya fi na baya ƙarancin ruwa a wurare da yawa. Ga shi kuma a watan Afrilu na shekarar gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta canza takardun naira, hanyar hatsi da ta cin rani suka toshe. Shi ya sa jama'a suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. A wannan karo abin da aka fi asara shi ne ƙasa. Magidanta suka riƙa jinginar da gonaki ko su sayar a kan ƴan buhuna, ƴan kasuwa da ma'aikatan birni suna saye. An zo wa marigayi da tayi mai tsoka a kan gonarsa ta fadama, ya ƙi. Ya sayar da awaki da rigunansa na fada, ya tura ƴaƴansa biyu neman kuɗi. Wani maƙwabci ya jinginar masa da gona a kan hatsi kaɗan. Bayan shekara biyu mutumin ya rasu bai fansa ba, sai ya kira marayun a gaban mai gari ya mayar musu da ita.

Sassabin zamani

Ba a kowane abu ya yi daidai ba, kuma shi da kansa yakan faɗa. A zamanin gujiya da garmar shanu, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes babu ko kututture, malaman gona ma haka suke koyarwa. Dokar daji kuma ta mai da itace na hukuma, wanda ya bar shi ya girma a gonarsa ba shi da ikon sara sai da takarda, saboda haka kowa yake kashe shi tun yana toho. Sarkin Noma yana kan gaba wajen wannan sassabe. Sakamakon ya bayyana a shekarun fari: iska tana binne shuka da rairayi, ƙasa ta gaji, mata suna tafiyar rabin yini neman itacen girki.

A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Tun a 1983 kuma wani ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma ga kututturan da suke tohowa kowace shekara a gonakinsu. Saiwarsu tana da rai. Idan aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama itace, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Wannan shi ake kira sassabin zamani. A lokacin yunwa an haɗa aikin da rabon cimaka, da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka bari.

Marigayi ya kusa shekara sittin a lokacin, kuma da farko bai yarda ba. Abin da ya juya ra'ayinsa tsohon gawo ne guda ɗaya da mahaifinsa ya hana a taɓa. Gawo yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma dabbobi suna taruwa a gindinsa suna cin ƴaƴansa suna barin taki. A shekarar fari hatsin gindinsa ne kaɗai ya yi kai. Daga nan ya fara barin gawo da kalgo da sabara da aduwa. Da aka ga mai rawanin noma ya bar gonarsa da itace, masu cewa aikin rago ne suka yi shiru. Binciken da masana suka yi da hotunan sama a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa manoman Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun farfaɗo da itace wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Ya rayu har ya ji wannan labari a rediyo.

A ƙarancin cimaka na 2005, wanda ya biyo bayan fari da farar 2004, farashin hatsi ya yi tashin da ba a saba gani ba, kuma jihar Maraɗi, duk da ana ce mata rumbun ƙasa, ta cika da yara masu tamowa. Gidansa ya ratsa wannan shekara da kuɗin itace da ƴaƴan gawo da matan gidan suka riƙa kai wa kasuwa.

Mai gida

Ya yi zama da mata uku, biyu sun riga shi. Ya binne ƴaƴa da dama tun suna ƙanana, a zamanin da ƙyanda da sanƙarau suke shiga gari babu rigakafi. Mutum ne mai tsanani. Ba ya cin abinci sai ya tabbata an kai wa kowane ɗaki, amma kuma ba a musu da shi. Lokacin da dogarai suke bi gida gida suna rubuta yara domin lakwal, ya ɓoye babban ɗansa a cikin rumbu har suka wuce. Daga baya, da ya ga takardar bashi da ta shari'a sai an nemo ɗan wani ya karanta masa, ya yi nadama. Jikokinsa mata da maza duk an sa su makaranta da umurninsa, kuma a cikinsu yau akwai malamin lakwal da ma'aikaciyar likita.

Gandun da ya riƙe bai tsira daga zamani ba. Samari sun fi son kowa ya ci gashin kansa, ɗaya daga cikin ƴaƴansa ma ya yi fushi ya tafi Najeriya ya yi shekaru kafin su shirya. Da ya ga ƙarfinsa ya ragu, ya nuna wa kowane ɗa inda zai noma tun yana da rai, ya ba ƴaƴa mata nasu, ya kafa shaidu. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: wanda buƙata ta kama, ya fara tallata wa ɗan'uwansa kafin bare.

Shaidar iyaka

Lokacin da aka samu mulkin kai mutanen Nijar ba su fi miliyan 3 da ƴan kai ba. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai tana da miliyan 3 da dubu 400. Dajin da ake nuna wa mutum ya sassabe ya ƙare, ba a kuma barin gona ta huta. Gonakin da suka ba gandu ɗaya dami dubu, yau gidaje fiye da ashirin ne suke kallonsu. Inda ƙasa ta yi kaɗan rigima ba ta nisa, kuma jihar nan ba ta manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara.

Dokar tsarin karkara ta 1993 ta bar wa sarakuna ikon sulhu a rigingimun ƙasa, ta kuma tanadi kwamitocin filaye da za su riƙa rubuta mallaka. Amma sulhu sai da shaida, kuma a garin nan shekara da shekaru shaidar ita ce Sarkin Noma. Ya san gonar da aka saya da wadda aka ara da wadda aka jinginar. Ya san inda burtalin shanu ya bi tun kafin a cinye gefensa, kuma sau da yawa ya ba da shaidar da ta goyi bayan Fulani a kan ƴan'uwansa manoma. Bayan ƙafa ta gaza, a amalanke ake kai shi bakin iyaka, ya nuna layin gamba ko tushen kanya, magana ta mutu.

Wannan shaida ta tafi tare da shi, sai abin da aka rubuta. Dattawan da suka zauna kusa da shi suna nan, amma su ma rana ta yi musu. Aikin da ke gaban fada da masu gari da kwamitin filaye a farkon ƙarni na biyu na sarautar nan shi ne su zaga da waɗannan dattawa gona gona da burtali burtali, a rubuta, a sa hannu, tun ana iya tambaya. Magadansa kuwa, ƙasar da ya ƙi sayarwa a shekarar El-Buhari tana hannunsu, kuma masu tayi ba su daina zuwa ba.

Ya rasu bayan an gama ɗaurin dami, aka yi masa sutura a maƙabartar gari, Mai Martaba da hakimansa suna cikin sahu. Da aka buɗe rumbun bayan ɗakinsa domin rabon gado, an tarar da damin iri a ɗaure daban. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya albarkaci zuriyarsa. Allah ya ja zamanin sarki, ya ba ƙasa damana mai albarka. Amin.